Ƙarfe na Biyu a Gamanar Inna

Tudun da ke gabas da garinmu, a ƙasar Tibiri, shi kaɗai ne wuri mai tsayi a karkararmu. Rabinsa wani kamfanin salula ya karɓa tun ina ƙarama, ya kafa dogon ƙarfensa mai jar fitila a ka. Ɗaya rabin kuwa gamanar Inna ce, 'yar gonar da ake yanka wa mace daga gandun gida. Tun rasuwar Baba da ita take riƙe da mu. Gujiya take shukawa, da yakuwa a gefe. Idan gujiyar ta yi fure, sai ka ce an barbaɗa wa tudun gwaiduwar ƙwai.

Ina koyarwa a Dogon Dutsi lokacin. Na zo hutun damina na tarar an kakkafa turaku masu jan fenti a tsakiyar shukar. Wani kamfanin ne daban zai kafa nasa ƙarfen. Baffa, wan Baba, shi ya sa hannu, domin ƙasar gandu a hannunsa take. Babu wanda ya tambayi Inna.

Ranar da injiniyan kamfanin ya dawo awo, muka hau tudun ni da ita. Matashi ne mai fara'a, sai wasa yake da makullin mota.

Na ce masa da Faransanci, "Mushe, ga ƙarfe nan tsaye, rabinsa babu komai. Me ya hana ku rataya kayanku a jikinsa?"

Ya ce, "Madam, doka ma ta yarda da haka. Mun nema. Masu shi suka tsawwala haya, muka kai ƙara wurin hukumar sadarwa a Yamai. Har yau ana zama. Manyana sun gaji da jira."

Inna ta gyara ɗaurin zanenta ta ce, "Mi ɗan nan ya ce?"

Na fassara mata. Ta dube shi daga hula har takalmi.

"Yaro, a garinku kowa da rijiyarshi? Mu nan rijiya guda ce, kowa ya zo da guganshi. Ku da kuka yi boko kun kasa abin da matan ƙauye ke yi kullum safiya?"

Ya yi dariya ya ce, "Inna, ai ke ya kamata a kai Yamai."

"Kai ni. Amma ka hidda itacen nan naka daga cikin gujiyata tukuna."

Bai fitar ba. Ni kuwa dariyar nan tasa har yau tana ƙona mini rai, domin ta mutumin kirki ce wanda abin bai shafa ba.

Na je ofishin magajin gari, aka ce maganar ƙarafa ta Yamai ce, su nasu izinin gini kawai. Na koma wurin Baffa, ya ce ƙasar ubansa ce, kuma ɗiya mace ba ta koya masa gado. Na kira lambar kamfanin, wata murya mai zaƙi ta yi ta gode mini da haƙurina har kuɗin wayata suka ƙare. Kowa na da doka a bakinsa. Dokar da ta ce su haɗa ƙarfe tana iya jira shekaru, wadda ta ba su gonar gwauruwa kuwa ba ta kwana ba.

Daga ƙarshe abu guda muka roƙa, a bari gujiyar ta nuna. Injiniyan ya ce motar haƙa an riga an ɗauko ta haya, jibi za ta iso.

Washegari da sassafe Inna ta ɗauki kwashe, 'yar fartanyarta, na bi ta da kwando. Ta ce ba za ta tsaya tana kallo ƙarfe ya tattake abin da ta shuka ba, gara hannunta ya tuge shi. Muka yi ta tugewa. Na ɓare kwanso ɗaya, na ga ƙwayar fara fat, ƙarama, ruwa ne kawai a ciki. Na miƙa mata. Ta murje ta da yatsa, ta shafe hannun a zane.

Ta ce, "Kwashe duka. Awaki za su ci."