Barcin Direban Motar Kano

A tashar Rano, direban motar Kano yana barci a mazauninsa kafin fasinja su cika, ko hantsi bai yi ba. Tumbinsa ya tokare sitiyari. Yana cikin minshari sai numfashin ya ɗauke ɗif, har ka fara salati, sannan ya fizgo shi kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Ina jin matarsa kwana take tana zungurarsa.

'Yan kamasho suna dariya. "Alhaji Lado ke nan, hutu ya yi masa yawa."

Ya farka, ya dafe haƙarƙarinsa na dama, ya kwankwaɗi lemon kwalba don ya kori barcin. Haka yayana ya yi ta yi, kafin likita ya ce ciwon sugansa da kitsen hanta da ɗaukewar numfashin nan duk tafiyarsu ɗaya. Mu ma barka muke yi masa da ƙiba, har muka binne shi.

"Hajiya, shigo, saura mutum ɗaya," in ji direban, idonsa jawur.

Na shiga. Babu wata motar.