Idon Sawun Malam Bawa

Shekara tara ke nan cif da muka kai Malam Bawa makwancinsa a Talata Mafara. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan ɗauki alƙalami, in juya shi, in ajiye, don ba na son rubutun da zai sa mutane hawaye. Bana kuwa da murna na ɗauke shi. 'Yata Hauwa'u, wadda ta karanci aikin gona, tana cikin waɗanda aka zaɓa su je taron da ƙasashen duniya ke yi kan sauyin yanayi, a ayarin masu magana da yawun addinai. An ba ta minti uku. Minti uku kacal, gaban mutanen da ko tari suka yi sai an faɗa a rediyo! Da na ji labarin, Malam Bawa ne ya fara faɗo mini a rai.

Limamin unguwarmu ne, ɗan asalin Maradun, abokina tun muna samari. Gajere ne, mai saurin tafiya, kullum cikin takalmin roba da ya sha ɗinki. Lokacin muna noman rani da ruwan madatsar Bakolori, gonakinmu jere a kan magudana ɗaya. Na sama su fara sha, na ƙasa, can wajen hanyar Bakura, su jira abin da ya rage. Duk shekarar da ruwa ya ja baya, rigima ta tashi, Malam ake kira.

Shi ba ya shari'ar ruwa a zaure. Gonar na sama zai je, ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya shiga. Idan ruwa ya kai masa idon sawu, magana ta ƙare, a buɗe wa na ƙasa. Yakan ce haka aka hukunta tun zamanin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi: na sama ya riƙe ruwa har idon sawu, sannan ya saki. Mukan yi masa tsiya cewa da dogo aka naɗa liman da mun fi samun ruwa. Sai ya yi dariya ya ci gaba da tafiyarsa.

Shekaranjiya Hauwa'u ta zo ta karanta mini takardar da ta shirya. Turanci ne mai kyau, tana fassara mini, amma daga farko har ƙarshe roƙo ne. Ku duba mu, ku tausaya mana, ku taimaka. Raina ya ɓaci.

"Ke, wa yac ce miki bara za ki?"

"To Baba, mi zan ce musu? Su ad da masana'antu, su ad da hayaƙin. Mu zahi kawai muka samu."

Gaskiyarta. Ina bin tarukan nan a rediyo shekara da shekaru. A yi mako biyu ana jayayya kan wanda zai fara rage hayaƙi, a tashi da alƙawari, a sake haɗuwa baɗi. Mu kuwa damina ta makara, in ta zo ta zo a fusace ta kwashe gero a Janbako, rani ya yi zafin da tsofaffinmu ba su san irinsa ba. Nakan tambayi kaina, da Malam yana raye me zai ce? Na san ba zai zagi kowa ba. Tambaya zai yi ko a cikinsu akwai wanda ya taɓa tuɓe takalmi ya shiga ya auna. A wurinsa duniya amana ce da Allah ya ba mu gaba ɗaya, abin da na sama ya saki wa na ƙasa kuma ba sadaka ba ce da za a jira godiya. Hakki ne, wanda ya riƙe shi zai amsa tambaya.

Sai na tuna mata labarin da ta sha ji tun tana ƙarama. Wani mutum ne ya tare magudana da buhunan yashi, ruwa ya cika masa shinkafa har ƙwauri, albasar wani manomi mai suna Mani a can ƙasa tana ƙonewa. Malam ya zo bayan azahar, ya shiga, ruwa ya jiƙa masa wando. Ya ce, "Wane, ƙahwata ta ɓace cikin gonarka. Ba ni hita sai na gan ta." Ya tsaya cikin rana, ba wa'azi, ba faɗa, har mutumin ya ji kunya ya janye buhunan da hannunsa.

Idonta ya buɗe. Ta ce wannan za ta faɗa, har ta fara neman biro. Na ce ta dakata, akwai sauran abin da ban taɓa gaya mata ba. Mutumin nan ni ne.

"Baba, kai?"

"Ni. Kuma in kin je, kada ki ce wani mutum. Ki ce ubanki na. Ki hwaɗa musu shinkahwata ba ta mutu ba shekarar nan, albasar Mani ma ta yi."

Na daɗe ina ɓoye wannan don kunya, amma na san halin na sama tunda ni ma na taɓa zama ɗaya daga cikinsu. Tsoro ne yake sa mu jibga buhu. Muna ganin in muka saki kaɗan, mun halaka. Kukan na ƙasa ba ya shiga kunnenmu kamar maganar wanda ya saki bai halaka ba.

Malam Bawa bai bar littafi ba, gidansa ma ɗaki uku ne na ƙasa. Magudanar da ya sha wahala a kanta yau yashi ya cinye rabinta. Ban san ko minti ukun Hauwa'u zai motsa wani babba ba, kuma ba zan yi wa masu karatu ƙarya in ce na sani ba. Amma ma'aunin gajeren limaminmu zai hau jirgin sama mako mai zuwa, shi da ko Sakkwato sai da dalili yake zuwa. Allah ya jiƙan ka, Malam, ya sa Aljanna ce makoma. Ranar nan na janye buhunan ina jin haushinka, ban ko yi maka sallama ba. Yau, gaban duk wanda ke karanta wannan, na gode.