Daddawa da Mai Tsaron Ƙofa

A gidanmu, can bayan Kunci, ba a ƙin abinci. Abin da aka tuƙa shi za ka ci, ka suɗe hannu, ka gode wa Allah. Ni kuwa jikina bai san wannan doka ba. Da zarar damina ta yi nisa, gero ya fitar da kai ya fara zubar da bununi, sai idanuna su kaɗa su yi ja, atishawa ta hana ni sakat. Idan a wannan lokacin na ci miyar da ta ji daddawa, kafin a kwashe kwanuka borin jini ya taso mini ruɗu-ruɗu, tun daga wuya har cinya.

Yarinya ce ni mai yawan mafarki. Nakan zauna kan turmi ina kallon gonar tana rausaya, ina hango wani mai farar riga yana ratso geron zai zo ya tambayi sunana. Baba ya haɗa wannan zaman da ƙin miyar, ya kira su da suna ɗaya.

"Tsirfa ce," in ji shi. "Macen da ba ta cin daddawa, gidan wa za ta zauna? A ce 'yata ta fi ƙarfin miyar mutane?"

Wata rana da la'asar na ture kwano. Baba ya fizgo tsumagiya ya yi ta zuba mini a baya da ƙafafu har ta karye. Sannan ya matse ni tsakanin gwiwoyinsa, ya toshe mini hanci, ya shiga yi mini ɗura da ludayi. Miyar kuka tana shiga, tana fitowa ta gefen baki, ina shure-shure, Inna tana kuka a madafi. Ba a jima ba leɓɓana suka kumbura, harshena ya cika mini baki, numfashina ya koma kamar ana busa usur. Shi da kansa ya saɓa ni ya hau mashin, sai da aka yi mini allura a asibitin gari na dawo hayyacina. Amma da muka shigo gida, cewa ya yi, "Na farko ne mai wuya. Gobe a ƙara, a hankali jiki zai saba."

Mutum ɗaya ce za ta iya hana shi, kakata Iya, wadda ta haife shi. To amma Baba ɗan farinta ne. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ban taɓa ganin ta dube shi ido da ido ta yi masa magana ba. In tana da saƙo, sai ta aiki ɗayanmu: "Je ki ce wa mutumin nan." Wannan kuwa ba saƙon da yaro zai kai ba ne.

Bayan sallar isha muka kewaye murhu kamar kullum, ɗanyar masara tana gasuwa tana ƙamshi. Na kwanta ruf da ciki a kan cinyar Iya saboda bayana ba ya son tabarma. Ranar sai ta ja kujerarta har gindin zanar da ta raba mu da ƙofar ɗakin Baba, inda yake kishingiɗe yana jin rediyo.

"Ga wata tatsuniya ta fito daga cikin garwashi," ta ce, da murya sama da yadda ta saba. "Wa zai cafe?"

"Mu ne!"

Wai a wani gari akwai ɗan tauri mai suna Jatau, shi ke tsaron ƙofa. Duk garin babu mai son garin kamarsa. Wata shekara 'yan hari suka zo cikin shigar fatake, da kwandunan daddawa a ka, takubba a ƙarƙashi. Jatau ya buɗe musu. Suka yanka maza, suka farke rumbuna, rijiya ta koma ja. Tun daga ranar, da hancinsa ya jiyo daddawa sai ya fita hayyacinsa. Ya zare adda ya sassare mai tallar, ya banke ƙofa ya danna sakata, ya cinna wa zaure wuta don kada maƙiyi ya sami wurin ɓuya. Mutanen garin kuwa suna ciki, hayaƙi yana shaƙe su, ba ta inda iska za ta shigo.

Wata rana da hakan ta faru, mai gari ya ce ai rashin sabo ne. Washegari ya aiko da wata tsohuwa da kwando guda. Jatau ya fille mata kai, unguwa guda ta ƙone. Mai gari ya ce a kawo kwando goma, kowane a kan mutum. Iya ta ɗauki muciya tana sara iska da ita, tana ƙirga kawunan da ke faɗuwa, mu kuwa mun ƙanƙame juna. A wannan karon Jatau ya toshe ƙofar da duwatsu, wuta ta ci garin kaf. Da gari ya waye mai gari yana tona toka da hannunsa yana neman 'yarsa tilo. Ya same ta a bayan ƙofa, farcenta duk ya karye wajen neman buɗewa.

Ƙanwata Zulai ta ce, "Iya, Jatau mugu ne."

"Ke tafi can, mai kan kwakwa. Gadi yake yi. Kuskuren maƙiyi kawai ya yi."

"To mai daddawar ce?"

"Ita talla ta fito."

"To laifin wa ke nan?"

Iya ta juya masara a kan wuta. "Ni ban sani ba. Na dai san akwai wanda ya ga hayaƙi jiya da idonsa, yau kuma ya sake aikowa da kwando. Ta koma cikin garwashi, mai kunne ya riƙe."

A bayan zana aka kashe rediyo.

Na kwana ina jiran ludayi. Da hantsi sai ga Baba ya dawo daga kasuwa da wata 'yar tukunya sabuwa. Ya ajiye wa Inna a bakin madafi, bai dubi kowa ba. "A riƙa ɗiban nata kafin a sa daddawa." Bai ce in yi haƙuri ba, har yau bai ce ba.

Sai da na girma wata likita a Kano ta ba Jatau sunansa na boko, ta ce wani sinadari ne jiki ke saki idan ya zaci an kawo masa hari, kuma bununi kan tayar da shi, abinci mai tsami ko wanda ya daɗe a ajiye ya ƙara masa wuta. A Rijiyar Zaki inda nake aure, maƙwabtana sun bar tuwo da shinkafa don rage ƙiba, kowace tana rantsuwa in na bi tsarinta zan warke. Nakan yi murmushi. Na san yadda ake yi da garin da wani ya yanke masa abin da zai saba da shi.

Mai farar rigar ya zo, ko da yake a kan tsohon mashin, kuma Iya ta rasu ba ta ga zuwansa ba. Ranar da ake haɗa mini gara, mata sun jera kuka da kuɓewa da man shanu, gwaggona ta ɗora ƙwaryar daddawa kamar yadda ake yi wa kowace amarya. Baba, wanda bai taɓa shiga sha'anin mata ba, ya ratso tsakar gida da furfurarsa, ya sunkuya ya ɗauke ƙwaryar. Gwaggo ta ce, "Yaya, dangin miji za su yi da mu!"

"Su yi," ya ce. "Ban da wannan kwandon."