Aljihun da Baffa Ya Gani

Jiya na ci karo da wani tsohon fim ɗin Indiya a waya, sai Baffa ya faɗo mini a rai. Wan mahaifina ne, tela a Ƙofar Gayan, kullum da allura soke a hularsa, hannunsa na ƙanshin man keke.

Lokacin da bidiyo ya shigo gidanmu, yakan zauna a bakin ƙofa bayan la'asar. Labarin bai dame shi ba, tufafin yake kallo. Ran nan muna kallon wannan fim ɗin da abokaina, ana tsakiyar waƙa ya ce, “Ku mayar baya. Aljihun rigar yaron nan ɗazu a hagu yake, yanzu ya koma dama.”

Abokaina suka tuntsire da dariya. Kunya ta kama ni, na ce, “Haba Baffa, nan fa ba shago ba ne, ka bar mu mu yi kallo.”

Ya sa takalmansa ya fita, kuma har ya rasu bai sake zama kallo da mu ba.

Jiya sau uku na mayar da waƙar baya. Aljihun yana hagu, sannan ya koma dama.

Allah ya jiƙan Baffa, ya haskaka kabarinsa, ya sa ya yafe mini.