Taku Biyar a Bakin Gonar Mai Feshi

Shekara ashirin da shida yana goya tankin feshi, har kafaɗarsa ta hagu ta karkace. Duk wanda tsutsa ta faɗa wa gona shi yake nema, kuma in ya ratsa kunya, ko kiyashi ba ya sake motsi. Da wannan yake taƙama. Sunansa na yanka ma ya ɓace, kowa Mai Feshi yake ce masa.

Matarsa tana da 'yar gonar kabewa jikin tasa. An yi shekaru furen yana zubewa ba ya ƙulla ɗa, sai ta koyi dabara: da sassafe ta bi fure-fure da gashin kaza, ta dangwalo garin wannan ta shafa wa wancan. A sunkuye take yini. Shi kuwa yakan ce ƙasar ce ta gaji.

Wata shekara aka kawo wani shiri, ana roƙon manoma su bar taku biyar a bakin gona, ba noma ba feshi, a watsa irin furannin daji. Malamar gona ta zo har ƙofarsa ta yi bayani. Ya kwashe da dariya.

"Kiwon ciyawa zan koma, 'yata? Ni da nake kashe ta?"

Ya dai yarda ya bar gefen da ke kallon kabewar, don dama duk tsakuwa ne.

A damina ta biyu ciwon baya ya kwantar da matarsa mako uku. Ya riga ya sallama kabewar, amma wata safiya ya ce bari ya leƙa. Tun daga nesa ya ji wani gunji kamar na inji. Da ya matso sai ya tsaya cak. Ƙudan zuma ne, da zanzaro, da wasu ƙananan ƙwari korra da bai taɓa gani ba, suna shige da fice cikin furanni. Ya ɗaga ganye, ga ɗan kabewa. Ya ɗaga wani, ga biyu. Har ƙarshen kunya haka, kuma ba hannun da ya taɓa su.

Ya kira malamar a waya, ya faɗa mata abin da ya gani.

Ta ce, "Baba, ai aikinsu ne tun asali. Feshin da iska ke kwasowa daga gonarka ne ya ƙarar da su."

Ya zauna daɓas a cikin laka, bakinsa a buɗe.

Da ya koma gida ya durƙusa a bakin gadonta ya faɗa mata, yana in'ina. Ko gira ba ta ɗaga ba.

"Na sani, Malam. Duk ranar da ka yi feshi, washegari a ƙasa nake tsintarsu, sun mutu."

"Kin sani? Shi ne ba ki faɗa mini ba?"

"Na faɗa, har sau biyu. Ka ce me na sani a kan magani."

Ya yi ta laluben ranar a ransa, bai tuna ba. Wannan ya fi komai girgiza shi. Kwana biyu abinci bai wuce masa ba.

Bai bar sana'ar ba, don da ita yake ci da gida. Amma ya mayar da taku biyar ɗin zuwa goma, kuma in ya tarar gona tana fure ba ya feshi, ko wane ne mai ita. Wasu sun daina kiransa. Wani mai gonar wake ma ya ce masa a gaban mutane tsufa ne ya fara taɓa masa kai. Shi dai ya tambaye shi yaushe waken nasa zai gama fure.