Tsingaron da Inna Dolorita Ta Kwashe

Shekara goma sha tara Inna Dolorita Waquie ta yi tana zagayawa da 'yan makaranta cikin kufan kakanninmu da ke kan tsauni. Ƙungiyar sa-kai da ke kula da wurin ce ta ba ta mabuɗin ƙofa. Ni dai tun da na fara aiki da ita jinina bai haɗu da nata ba. Mace ba fara'a, kullum hannu cikin aljihu.

Shugaban ƙungiyar, Mista Halvorsen, ya jera tsingaron tsoffin tukwane a tebur, kowanne da lambarsa, don yara su taɓa. Sai tsingaron suka fara ɓacewa ɗai-ɗai. Ya ce duk wanda aka kama yana ɗauka, shi da kufan har abada.

Haba, wa zan zarga? Wa ya san darajar abin a wurin masu saye in ba ita ba? Na sa mata ido mako guda, ran Talata na ga ta zura guda a aljihu. Ko tambayarta ban yi ba, na kai wa shugaba sunanta, har ina jin daɗi.

Daga nan na bi sawunta zuwa bayan kufan. Na same ta durƙushe a tsohon juji, ta tura tsingaron ƙarƙashin ƙasa, tana barbaɗa masa garin masara kamar yadda ake yi a al'adarmu.

"Inna, me kike yi haka?"

"Ke 'yar nan, sanɗarki kamar ta jaki, tun daga ƙofa nake jin ki," in ji ta. "Wadda ta gina tukunyar nan ta gama da ita, ta mayar wa ƙasa. Wa ya ce a tono a liƙa mata lamba? Kakarki ba ta gaya miki ba?"

Ta gaya mini, wallahi. Mantawa na yi.

Na koma da gudu in janye maganata, shugaba ya ce doka doka ce. Da hantsi ya karɓe mabuɗin daga hannunta.

Yanzu ni ke zagayawa da yaran. Jiya wata ɗaliba ta tambaye ni ina mutanen garin nan suka tafi. A da in an yi mata wannan tambayar, Dolorita kan dafa ƙirji ta ce, "Ba mu je ko'ina ba, ga ni." Na ɗaga hannu zan yi haka, kunya ta hana ni. Sai na karanta mata abin da ke rubuce a allon bayanin da aka kafa a wurin.