Jar hular da Inna ta saƙa wa na'urata

Bayan Inna ta faɗi a tsakar gida ta yini a ƙasa ba wanda ya sani, na yi juyin duniya ta dawo wurina a unguwar Laranto, ta ƙi. Wai a unguwar Ali Kazaure aka kawo ta amarya, a nan za a ɗauki gawarta. Taurin kan Inna sai Allah, ni ma a wurinta na gada.

Gyaran waya nake yi, sai na nemi dabara cikin sana'ata. Na sayo 'yar kwamfuta, allo guda da bai kai tafin hannu ba, da na'urar gane motsi, fara kamar rabin dafaffen ƙwai. Wayoyi uku ne kacal tsakaninsu: ta wuta, ta ƙasa, da mai kai saƙo. Duk da haka sai da na juya biyu na ƙona na'urar farko, na zagi kaina, na sayo wata. Na kafa ta saman ƙofar ɗakin Inna, in ta gifta wayata ta yi ƙara. Ban yi mata bayani ba, don gudun faɗa.

Sati biyu lafiya lau. Ran wata Talata da ake zuba sanyi, har bakwai ta wuce, shiru. Na kira ta, wayarta a kashe kamar kullum. Na tari keke mai ƙafa uku, ina ta yi wa direban tsawa, bawan Allah bai yi min komai ba.

Na tarar da ita tana dama kunu. Na ɗaga kai, sai ga na'urata sanye da jar hular ulu.

"Inna! Mene ne wannan?"

"Hula mana. Abu tsirara cikin sanyin nan, ba ka ko tausayi?"

Na buɗe baki zan yi faɗa, sai kuka ya ƙwace min. Na gaya mata gaskiya: in abin nan bai gan ta ba, ni ma ban gan ta ba.

Ta ɗaga kai ta dubi na'urar. Can ta ce, "Au, ashe kai ne a ciki." Ta sa na sauko da hular, ta huda ta da almakashi yadda idon zai leƙo, ta ce in mayar.

Maƙwabciyarta ce ta ba ni labari daga baya, wai kullum da safe Inna kan tsaya gaban ƙofar ta ɗaga hannu ta ce, "Ka tashi lafiya?" Na'urar ba ta jin magana, ban kuwa taɓa gaya wa Inna haka ba. Da wayata ta yi ƙara, ko da kwastoma a gabana, sai in ce, "Lafiya lau, Inna."